Yadda Cutar Kwamfuta Ke Yaɗuwa: Jan Kunne Ga Hakimai Da Malamansu

Makiyayin da ke kiwo a gefen dajin Rugu ya san a da, kafin a kawar da ita, bushiya ba daga sama ta kan faɗo wa garke ba. A mashaya a kan ɗauko ta, inda shanu ke cuɗanya. Haka cutar kwamfuta take. Ita ba ƙwaro ba ce, wani ɗan umurni ne da mugun mutum ya rubuta, wanda ke kwafa kansa daga wannan na'ura zuwa waccan, ya ɓata takardu, ko ya kulle su sai an biya fansa.

Hanyarta ta farko ita ce waya da intanet. A shekarar 2000 wata cuta ta taso daga ƙasar Filifin cikin wasiƙa mai kama da ta soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika da kanta ga dukan mutanen da ke cikin littafin adireshinsa. A watan Mayu na 1917 babu wanda zai gaskata irin wannan, amma a Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta tsai da aiki a asibitocin Ingila da yawa.

Hanya ta biyu ita ta fi shafarmu a ƙasashen Batsari da Safana. Wasu malamai suna zaton tun da ofishinsu ba shi da intanet, sun tsira. Wannan kuskure ne. Ko a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka yanke layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi saboda ɓarayin daji, filash bai daina yawo cikin aljihu ba. Malami ya kai shi shagon buga takardu ran kasuwa, inda filash ɗin mutane barkatai ke shiga na'ura ɗaya, sa'an nan ya dawo ya soka shi a ta ofis. Shagon nan shi ne mashaya. Cutar Brain ta 1986, wadda ta fito daga Lahore, ta bisa faifai ta ƙetare teku, hannu da hannu.

Saboda haka lalle Hakimi ya sa a keɓe filash guda domin aikin ofis kaɗai, a riƙa bincika shi da manhajar riga-kafi kafin a buɗe. Rajistar gonaki da takardun gado kuwa, a ajiye kwafinsu a takarda, cikin akwati mai makulli.