Darasi Na 14: Ciwon Da Ke Ɓuya A Bayan Ido

Jama'a, mun san yana, mun san hakiya, gama ana ganinsu da an dubi idon mutum. Amma akwai ciwon da ke ɓuya can ciki. Ido ga shi garau, mai shi kuwa gani yana ƙare masa.

A cikin ƙwayar ido, daga baya, akwai wani siririn tantani a shimfiɗe. Likitoci suna kiransa retina. Mu kwatanta shi da farin ƙyallen da ake haska majigi a kai. Haske ya shiga ido ya sauka a kansa, sa'an nan jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa. In ƙyallen nan ya lalace, ko tabarau ba ya amfani.

Na farko, ciwon sukari. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, sai ya ɓata 'yan ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin. Su riƙa yoyo, wani lokaci su fashe. Hawan jini da sikila su ma suna ɓata jijiyoyin nan. Mugun abin shi ne da fari babu zafi, babu alama. Saboda haka tilas mai ciwon sukari ya je a duba masa bayan ido sau 1 kowace shekara, ko da yana gani sarai.

Na biyu, ɓallewar tantani. Wani lokaci yakan yage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, kamar yadda damina ke ɗaga yaɓe daga jikin bango. Alamunsa 3 ne: walƙiya cikin ido, da baƙaƙen ɗigo masu yawo kamar ƙudaje, da duhu mai saukowa kamar labule. Wanda ya ga haka kada ya jira ranar kasuwa. Ya tafi asibiti ran nan.

Na uku, dundumi. Yaro ko mace mai ciki su kāsa gani da magariba, sau da yawa don rashin bitamin A. Iyayenmu da suke ba mai dundumi hanta sun yi daidai. Mu ƙara da manja, da zogale, da mangwaro, da gwanda, da ƙwai.

Na huɗu, tsufa. Tsakiyar tantanin takan lalace ga wasu dattawa. Tsoho ya ga gefen hanya, amma fuskar jikansa ta ɓace masa.

To, yaya ake magani? Da fari likita zai ɗiga magani don tsakiyar baƙin ido ta buɗe, ya leƙa da fitila. Gani yakan yi hazo-hazo na 'yan sa'o'i, kada mu tsorata. A 1949 wani likitan Jamus, Meyer-Schwickerath, ya fara ƙona wurin da ya lalace da hasken rana. Yanzu da wani haske mai ƙarfi ake yi, sunansa leza, yana liƙe yagewa, yana tsai da yoyo. Akwai kuma allurar da ake yi cikin ido bayan an kashe zafi, akan maimaita ta. Tantanin da ya ɓalle kuwa sai tiyata. Asibitin Ido na Ƙasa yana Kaduna, akwai kuma asibitin ido na ECWA a Kano.

Mu lura, magani ya fi iya tsare ganin da ya rage bisa ga komo da wanda ya tafi. Kada mu bari a zuba mana ruwan ganye a ido, ko a soka mana tsinke a kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ina tantanin gani yake?
2. Sau nawa mai ciwon sukari zai je a duba idonsa?
3. Faɗi alamu 3 na ɓallewar tantani.
4. Rubuta abinci 4 masu hana dundumi.