Bayan Albashin Ƙarshe: Abin da Ke Jiran Ɗan Fansho a Suleja

Da an sallame sallar Asuba, titin da ya fita daga Suleja ya bi ta gindin Dutsen Zuma ya ratsa Madalla zuwa Zuba yakan cika maƙil da motocin ma'aikata. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disamban 1991, Suleja ta zama makwancin waɗanda tsadar haya ta koro daga babban birnin. Waɗanda suka kama aiki a wancan lokacin yanzu ne wa'adinsu ke cika, domin ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. An tsawaita wa malaman makaranta nasu zuwa 65 ko 40 a dokar 2022.

Mai wannan rubutu ya daɗe a sashen kula da ma'aikata yana bin fayil ɗin masu shirin ajiye aiki, kuma abin da ya fi gani shi ne wannan: watannin farko ne suka fi kayar da mutane, ta fuskar aljihu da ta zuciya, alhali ana iya yi musu tanadi tun da wuri.

A fara da kuɗi. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a wani asusu mai sunansa da kamfanin fansho ke juyawa a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Amma ranar da albashi ya tsaya ba ita ce ranar da fansho ke farawa ba. Ma'aikacin tarayya da ya kama aiki kafin tsakiyar 2004 sai ya jira gwamnati ta zuba masa haƙƙinsa na shekarun da ya yi a tsohon tsarin fansho, kuma an sha yin watanni ana wannan jira. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, nasu lissafin a Minna yake. Duk wanda bai ajiye abin da zai riƙe gida na wata shida zuwa shekara ba, bashi zai ci.

Wani jinkirin kuma daga hannun ma'aikacin yake fitowa. Sunansa Muhammad a takardar kama aiki, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki. Ranar haihuwar da ke fayil daban, ta rantsuwar kotu daban. Takardar ƙarin girma ta ƙarshe ta ɓace. Abin da za a gyara cikin kwanciyar hankali da saura shekara biyu, sai ga dattijo yana zarya tsakanin Suleja da Abuja da kuɗin motar da ya ranto. PenCom takan tantance ma'aikatan tarayya tun ana saura shekara guda su fita, bai kamata kowa ya yi wasa da wannan ba.

Idan kuɗin sun fito, akan ba mutum wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓa: ko kamfanin fansho ya riƙa biyan sa wata-wata daga asusunsa, abin da ya rage bayan rasuwarsa ya zama na magada, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har iya rayuwarsa. Wanda ya koma inshora ba ya dawowa, don haka a nemi cikakken bayani kafin a sa hannu. Masu gudun kuɗin ruwa su tambayi asusun fanshon da babu kuɗin ruwa a cikinsa, wanda aka buɗe a 2021.

Kason dunƙulen nan shi ne inda aka fi yin kuka. Labari yakan riga mutum isa gida, 'yan'uwa su yi layi, wani ya zo da shawarar kiwon kaji, wani ta sayen Keke Napep guda uku. An ga wanda bai taɓa kiwon ko zakara ba ya zuba rabin kuɗinsa a kaji, cuta ta share su kafin ya sayar da ƙwai kiret ɗaya. Masu alƙawarin ninka kuɗi ma ba su ƙare ba: MMM ta rufta da jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Wanda mai rubutun ya ga ya tsaya da ƙafarsa shi ne wani direban ofis da ya fara sarin hatsi a kasuwannin Dikko da Lambata tun yana da sauran shekaru a aiki, ya yi asararsa ƙanana yana da albashin da zai tallafe shi. Ranar da ya yi ritaya, sana'a ya koma, ba gwaji ba.

Sai kuma abin da ba a rubuta shi a kowane fayil. Mutumin da ya shekara talatin yana fita da duhu yana dawowa bayan Isha'i baƙo ne a unguwarsu da rana. Bai san wa ke zama a majalisar ƙofar gida ba. Wayar da ba ta hutawa ta yi tsit. A cikin gida kuma uwargida ta daɗe da tsara yininta, kwatsam ga maigida zaune yana ƙirga cefane, yana tambayar dalilin kowane motsi. Rigima takan tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani ya shige ɗaki ya daina fita, barci ya ƙaurace masa. Wannan damuwa ce ta gaske, ba raki ba, kuma tana tafiya tare da hawan jini da ciwon suga, a daidai lokacin da inshorar lafiya ta wurin aiki ta yanke wa mutane da yawa. Gwajin jini a kai a kai da tattaki bayan La'asar sun fi jiran ranar da za a kwashe mutum zuwa asibiti araha.

Mata ma'aikata sukan fi saurin sabawa, saboda ba su taɓa yanke zumuncin biki da suna da adashi da Islamiyya ba. Maza ma suna da inda ake buƙatarsu. Tsohon akanta zai iya riƙe littafin kuɗin kwamitin masallaci ko na coci, tsohon malami ya karantar da yaran unguwa da yamma, tsohon magatakarda ya taya matasa cike takardun neman aiki.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: sunan magajin da ke fayil. Da yawa sun rubuta mahaifi ko yaya tun suna samari, waɗannan sun riga mu gidan gaskiya, ba a sauya ba. A je ofis da kamfanin fansho a gyara, sannan a nuna wa iyali inda takardun suke da sunan kamfanin da ke riƙe da asusun.