Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Aka Fara Adabin Yara?

Wata mai sauraronmu daga Garwa, arewacin Kamaru, ta tambayi asalin adabin yara da ire-irensa.

To Malama, ya girmi takarda nesa ba kusa ba. A bakin kakanni ya fara, da dare bayan tuwo: tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa. Maƙwabtanku Fulani ma suna da nasu, taali. Rubutu daga baya ya shigo. Wani mai suna Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa a 1911, sai dai ba don yara ba. A 1937 aka fitar da littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam a Zariya don 'yan makaranta, inda aku ne mai ba da labari.