Tambayar da ake tsallakewa wajen girka manhajar binciken sadarwa

Tun bayan rufe layukan waya da aka yi a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, duk abin da ya shafi sadarwa ya zama abin ɗari-ɗari a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma a cikin wannan yanayi ne ake yawan jin wata magana marar tushe a shagunan buga takardu da cike fom: wai manhajojin binciken sadarwa irin su Nmap da Wireshark na sauraren kiran waya ne, kuma gargaɗin da kwamfuta ke fitarwa lokacin girka su shi ne shaidar cewa kayan infoma ne. Wannan zance ba ya tsayuwa ko ta wace fuska. Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, aikinta shi ne ta bi na'urorin da ke haɗe da juna tana taɓa ƙofofinsu, wato lambobin mashiga 65,535 da saƙonni ke bi su shiga na'ura, domin ta gane wacce ke buɗe, kamar yadda mai gadin kasuwa ke zagawa da dare yana tura ƙyauren kowane shago. Wireshark kuwa, wadda ta fara da sunan Ethereal a 1998, tana karanta saƙonnin da ke ratsa kwamfutar da aka girka ta a kai. Kiran da mutum ya yi da layinsa daga wayarsa yake tafiya zuwa turken kamfanin waya, bai biyo ta rawutar shago ba, don haka babu yadda ɗayansu za ta ji shi. Gargaɗin kansa ma ba na leƙen asiri ba ne: Windows tana neman izinin mai kula da kwamfuta a duk lokacin da manhaja za ta taɓa cikin tsarinta, tun daga Vista da ta fito a 2007.

Abin takaici shi ne tsoron ya sauka inda babu haɗari, ya bar inda haɗarin yake. Waɗannan manhajoji suna yin tambaya guda mai nauyi yayin girkawa, wato wa za a bari ya riƙa kama saƙonnin da ke wucewa, kuma kalmomin tambayar sun bambanta daga wannan tsari zuwa wancan. A Windows, Nmap da Wireshark suna zuwa da wata ƙaramar manhaja mai suna Npcap, wadda ke ba da akwatin da ke cewa a taƙaita amfani da ita ga masu kula da kwamfuta kaɗai. Wanda ya sa alama a nan ya rufe ƙofa. A Debian da Ubuntu kuwa an juya tambayar, domin Wireshark cewa take ko a bar waɗanda ba masu kula ba su kama saƙonni. Wanda ya ce e a nan ya buɗe ƙofa. Magana ɗaya ce, amma amincewa a wuri na farko kariya ce, a wuri na biyu kuma sakaci. Saboda haka ɗabi'ar nan ta danna "gaba, gaba, na yarda" ba tare da karatu ba, wadda har wasu masu gyara ke koya wa yaransu a matsayin gwaninta, ba ta da wata fa'ida a nan, sai dai dace ko rashinsa.

A kwamfutar da mutum ɗaya ke amfani da ita wannan ba babban lamari ba ne. A shagon da jama'a ke zama suna shigar da lambar NIN ko BVN, ko a ɗakin kwamfutar makaranta irin na ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Ƙaura Namoda, garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, amsar ita ce a taƙaita, a kuma sake dubawa cewa an taƙaita. Gaskiya ne cewa yawancin shafuka a yau suna kulle abin da ake aikawa, amma sunan shafin da aka ziyarta yakan bayyana, kuma shafin saitin tsofaffin rawutoci da injinan buga takarda sau da yawa a buɗe yake aika kalmar sirri. Wanda bai gane tambayar ba ya dakata ya nemi a karanta masa, ya kuma tambayi abu ɗaya: wannan zaɓi ƙara wa mutane iko yake yi ko rage musu?

Masu rubuta waɗannan tambayoyi ma suna da laifinsu, domin sukan cusa kalmomin ƙwararru a jimla guda ba tare da faɗin abin da zai biyo bayan kowace amsa ba, kuma mai girkawa a Zurmi da Turanci zai karanta su, harshen da ba nasa ba. Ya kamata malamin da ke koyar da ɗaliban kwamfuta ya rubuta ma'anar kowace tambaya da Hausa ya manna kusa da kwamfutar. A sauke manhajar daga shafin masu ita, a daina karɓar kwafin da ya zagaya a filas, wanda shi ne ke iya zuwa da cutar da ake tsoro. Kuma binciken ya tsaya ga na'urorin mai shi ko waɗanda aka ba shi izini a rubuce, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa da kama saƙonnin wasu ba da izini ba.