Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina kalmar "orbit" ta samo asali?

Wani mai sauraro daga Maraɗi ya aiko da tambaya yana son sanin ma'ana da asalin kalmar Turancin nan "orbit", wadda yake yawan ji idan ana labarin tauraron ɗan'adam.

To, malam, kalmar daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā. A wurinsu "orbis" na nufin da'ira, "orbita" kuma sawun da ƙafar keken doki ke bari a ƙasa, wato ramin nan da take yankewa a hanyar da aka daɗe ana bi.

Abin mamaki, da ta shiga Turanci ba sararin samaniya ta fara nufa ba. Likitoci ne suka riga kowa amfani da ita wajen kiran kwarmin ido, ƙashin da ƙwayar ido ke zaune a ciki, kuma har gobe haka suke kiransa. Sai daga baya masana falaki suka ɗauke ta don hanyar da duniyoyi ke bi suna kewaya rana. A 1609 Bajamushe Johannes Kepler ya nuna cewa hanyar duniyar Mars ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana da ɗan tsawo kamar zoben da aka matse.

Kalmar ta shiga bakin jama'a sosai a 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik. A 1961 kuma ɗan sama jannati Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya, a tafiyar da ta ɗauki minti 108.

A siyasa ma ana cewa ƙaramar ƙasa tana cikin "orbit" ɗin babba, idan tana bin ra'ayinta sau da ƙafa.