Darasi: Mai Horarwa Ya Fara Zama Mai Sauraro

Sau uku yaron nan Sama'ila ya je wurin Eli da dare, sai a na ukun ne tsohon firist ya gane Ubangiji ne yake kiran yaron (1 Sama'ila 3). Sau biyu ya sallame shi ya koma ya kwanta. Haka yakan faru da malaman makarantar Lahadi da masu kula da marayu sa'ad da yaro ya zo musu da damuwarsa.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ba yaro 'yancin a ji ta bakinsa a kan abin da ya shafe shi. Amma ma'aikacin da ba a taɓa saurararsa ba, da wuya ya saurari yaro. Saboda haka, gyaran yana farawa ne daga mai horarwa.

Idan malama ta kawo labarin yarinyar da ta daina magana a aji, kada mai horarwa ya yi gaggawar ba da shawara (Karin Magana 18:13). Ya bari ta gama, ya maimaita mata abin da ya ji, sa'an nan ya tambaye ta, "Malama, me kika lura da shi?" Ta haka za ta koyi jiran yarinyar, ba tare da sa mata magana a baki ba. Idan kuwa cin zarafi ne, kada ta yi alkawarin rufa asiri. A sanar da hukuma.

Iyaye ma su auna kansu: sau nawa suka sallami Sama'ilansu?