Darasi Daga Fikafikan Farashi

Suratul Ƙari'a ta kamanta mutane ranar tashin ƙiyama da farashi mai warwatsuwa. Malaman tafsiri sun bayyana cewa farashi shi ne ƙwaron nan da ke taruwa gindin fitila da dare, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi. Ba shi da ƙarfi, ba shi da ƙari irin na kunama, ga tsuntsaye suna farautarsa. To, da me yake tsare kansa? Galibi da zanen fikafikansa ne.

Shi dai farashi da dare yake yawo, da rana sai ya lafe jikin itace. A ƙasar Ingila akwai wani irinsa fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda idan ya sauka kan bawon itace mai farar gansakuka sai ya saje, tsuntsu ya wuce bai gan shi ba. Da masana'antu suka yawaita, hayaƙin kwal ya kashe gansakukar, kunkunniya ta baƙanta itatuwa. A shekarar 1848 aka kama baƙin irinsa a birnin Mancesta, kafin 1895 kuwa kimanin 98 cikin 100 na can duk baƙaƙe ne. Ba wai farin ne ya rikiɗa ba. A'a, shi tsuntsaye ke hangowa su cinye, baƙin ya tsira ya hayayyafa.

Wani masani mai suna Bernard Kettlewell ya gwada wannan magana a 1953 kusa da Birmingham, da kuma 1955 a dajin Dorset inda babu hayaƙi. A wuri na farko tsuntsaye sun fi cin farare, a na biyu sun fi cin baƙaƙe. An soki yadda ya tsara gwajin, kuma sukar tana da hujja. Saboda haka Michael Majerus ya sake yi a Kambirij daga 2001 zuwa 2007, ya saki farashi 4,864, sakamakon ya gaskata Kettlewell. Bayan dokar hana hayaƙi ta 1956 iska ta gyaru, farin ya komo, baƙin ya yi ƙaranci ƙwarai.

Ba kowane farashi ke ɓuya ba. Wani yana da zane kamar idanu biyu a fikafikan baya. Idan tsuntsu ya taɓa shi sai ya buɗe su farat ɗaya, tsuntsun ya razana ya ja da baya. Masana sun yi saɓani a nan: wasu sun ce kama da idon mujiya ce ke tsorata shi, wasu suka ce ƙyallin launin ne kawai. Wani kuma ja da baƙi yake sanye da su a fili, domin tun yana tsutsa ya ci ganye mai dafi. Tsuntsun da ya ɗanɗana shi sau ɗaya yakan guji wannan launi daga baya.